Kare Mai Jinin Kyarkeci na Cekoslobakiya: Tarihinsa, Halayensa da Sharuɗɗan Riƙonsa

Gabatarwa

Daga cikin ɗaruruwan ire-iren karnukan da Ƙungiyar Masu Kiwon Karnuka ta Duniya, watau FCI, ta yi wa rajista, akwai guda biyu da aka shigar wa jinin kyarkeci da gangan a ƙarni na 20, aka kuma san mutanen da suka yi aikin da dalilinsu na yin sa. Na farko shi ne karen Saarloos na ƙasar Holan, na biyu kuwa shi ne karen Cekoslobakiya. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin tarihin na biyun, tare da waiwayen na farkon, domin a ga yadda manufar da aka ƙirƙiri dabba dominta take bin ta har bayan manufar ta gushe. Gwamnatin da ta samar da wannan kare ta faɗi a 1989, ƙasar da yake ɗauke da sunanta ta rabu biyu a 1993, amma shi yana nan a gidajen mutane da buƙatun da tarihinsa ya ɗora masa.

Kafin a shiga bayani, ya kamata a daidaita ma'anar kalma ɗaya. Kyarkeci a bakin Bahaushen dauri shi ne karen dajin nan mai dabbare-dabbaren jiki da manyan kunnuwa, wanda ke farauta cikin garke a dazuzzukan Afirka. Daga baya masu fassara suka ari kalmar suka laƙaba wa dabbar Turai da Asiya mai launin toka, kamar yadda ake ji a fassarar ƙissar Annabi Yusufu, Alaihis Salam. Wannan ma'ana ta biyu ita ake nufi a duk tsawon laccar, domin karen dajin Afirka jinsi ne dabam, ba shi da hannu a cikin wannan labari.

Kare da Kyarkeci: Dangantaka da Bambanci

Masana halittu sun haɗu a kan cewa karen gida ya samo asali ne daga wani tsohon reshen kyarkeci, kuma shi ne dabbar da ɗan Adam ya fara sabawa da ita, tun kafin a san noma ko kiwon awaki. A 1914 an tono wani kabari a Oberkassel, kusa da birnin Bonn na Jamus, aka sami ƙasusuwan kare tare da na mutum biyu, kuma an ƙiyasta shekarun kabarin da wajen 14,000. Duk da wannan doguwar rabuwa, kare da kyarkeci kowannensu yana da sandunan gado 78 a cikin ƙwayar halittarsa, ciki kuma wajen kwana 63 yake yi a wurin kowacce mace. Saboda haka idan suka yi barbara ana samun 'ya'ya, 'ya'yan kuma suna haihuwa, saɓanin alfadari.

To, amma kusancin jini bai kawar da bambancin hali ba. A 2003 masu bincike na Jami'ar Eotvos Lorand da ke Budafes sun ɗauki kyarketan da mutane suka rena tun suna jarirai, suka gwama su da karnuka a kan wani aikin da aka toshe hanyar warware shi. Karnukan da suka ga abin ya gagara sai suka riƙa juyowa suna duban fuskar mutum, kamar masu neman agaji, kyarketan kuwa akasarinsu suka ci gaba da fama su kaɗai. A 2013 kuma wani bincike na Jami'ar Uppsala ta Suwidin ya nuna cewa kare yana da ƙarin kwafi na ƙwayar gadon da ke narkar da sitaci, watau cikinsa ya saba da abincin manomi. A wannan shekara ce Kathryn Lord ta Jami'ar Massachusetts ta bayyana cewa ɗan kyarkeci yana fara yawon gane duniya yana da mako 2, ido da kunne ba su gama buɗewa ba, shi kuwa kwikwiyo sai ya kai mako 4. Ke nan ƙofar sabo da mutum tana buɗewa da wuri a wurin kyarkeci, tana kuma rufewa da wuri.

Abin da ya bambanta kare da kakansa, ashe, shi ne raguwar tsoron mutum da son aiki tare da shi. Duk wanda ya mayar da jinin kyarkeci cikin kare yana cacar wannan riba ne, wadda aka yi dubban shekaru ana tarawa.

Gwajin Saarloos a Holan

Leendert Saarloos, wanda ya rayu daga 1884 zuwa 1969, mutumin garin Dordrecht ne, mai sha'awar karen kiwo na Jamus. Wannan iri shi ne wanda Max von Stephanitz ya kafa wa ƙungiya a 1899, kuma cikin ɗan lokaci ya zama karen 'yan sanda da na soja a ƙasashe da dama. Turawan Ingila sun sake masa suna bayan Yaƙin Duniya na Farko, suka kira shi Alsatian don ƙin jinin Jamus, kuma da wannan suna mutane da yawa suka san shi a Nijeriya. A ganin Saarloos, karen ya yi laushi da zaman gida, ya rasa kuzari da juriyar dabbar daji. Don haka a shekarun 1930 ya haɗa wani namiji mai suna Gerard da macen kyarkeci mai suna Fleur, wadda ya samo daga gidan namun daji na Rotterdam, sa'an nan ya mayar da 'ya'yan kan jinin kare.

Sakamakon bai zo yadda ya zata ba. Ya nemi jarumin karen aiki, sai ya sami dabba mai taka-tsantsan, mai ƙyamar baƙo, wadda idan ta ga abin da ba ta sani ba sai ta ja da baya. Dalili kuwa a fili yake: kyarkecin da ya tsira a Turai bayan ɗaruruwan shekaru na farauta da tarko da guba shi ne wanda ya fi iya guje wa mutum. Saarloos ya horar da waɗansu karnukansa su yi wa makafi jagora, amma da motoci da hayaniya suka yawaita a birane sai aikin ya fi ƙarfin halinsu. Hukumar karnuka ta Holan ta amince da irin a 1975, shekara 6 bayan rasuwarsa, ta sa masa sunansa, FCI kuma ta bi sahu a 1981. A yau karen zaman gida ne ga ƙwararru, ba a ɗaukarsa aikin tsaro.

Kan Iyakar Cekoslobakiya

A watan Fabrairu na 1948 jam'iyyar Kwaminis ta ƙwace mulki a Cekoslobakiya, ƙasar ta koma ɓangaren Tarayyar Sobiyet. Iyakarta da Jamus ta Yamma da Ostiriya ta zama wani yanki na abin da aka kira Labulen Ƙarfe. A 1951 aka yi dokar da ta tsara Rundunar Tsaron Iyaka, aka kwashe mazauna ƙauyukan bakin iyaka, aka kafa shingen waya mai ƙaya da hasumiyoyin gadi. Daga farkon shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1960 shingen yana ɗauke da wutar lantarki mai kisa. Bayan haka aka musanya shi da shinge mai ƙararrawa, wanda ke sanar da masu gadi da zarar an taɓa shi. Babban aikin wannan runduna shi ne hana mutanen ciki fita. Hukumomin da suka binciki takardun wancan zamani sun ƙirga mutum wajen 280 da suka rasa rayukansu a ƙoƙarin tsallakewa tsakanin 1948 da 1989.

Kare yana da muhimmin matsayi a cikin wannan tsari. Shi ke bin sawu cikin dusar ƙanƙara a tsaunukan Sumava, shi ke sintiri da dare, akwai kuma waɗanda aka horar su kai hari su kaɗai idan ƙararrawa ta buga. A watan Agusta na 1986 wani saurayi ɗan shekara 18 daga Jamus ta Gabas, Hartmut Tautz, ya yi ƙoƙarin shiga Ostiriya ta gefen birnin Bratislava. Karnukan runduna suka cim masa saura ɗan taƙi ya tsallake, suka yi masa raunukan da suka zama ajalinsa. Sai a 2017 wata kotu a Bratislava ta wanke sunansa. An kawo wannan ne domin mai karatu ya san irin aikin da ake neman kare dominsa a lokacin da aka fara gwajin da za a bayyana.

Gwajin Libejovice

A 1955 Karel Hartl, jami'in da ke kula da sha'anin karnukan Rundunar Tsaron Iyaka, ya tsara shirin haɗa karen kiwo na Jamus da kyarkecin tsaunukan Karpat. Tambayoyinsa biyu ne. Ta farko ta ilimi ce: shin 'ya'yan za su haihu, kuma yaya halaye za su rarrabu a tsakaninsu? Ta biyu ta aiki ce: shin za a iya samun dabba mai lafiyar kyarkeci da juriyarsa da ƙarfin hancinsa, amma mai biyayyar kare? An gudanar da aikin a gidan kiwon karnukan runduna da ke Libejovice, a kudancin Bohemiya. A ranar 26 ga Mayu, 1958, wata macen kyarkeci mai suna Brita ta haifi 'ya'yan fari, ubansu kuwa kare ne mai suna Cezar. Daga baya aka sake haɗa ta da wani kare, Kurt, aka sami zuri'a ta biyu. A 1968 aka juya tsarin, aka haɗa namijin kyarkeci mai suna Argo da karya mai suna Astra, aka tabbatar cewa barbarar tana yiwuwa ta kowane ɓangare.

'Ya'yan fari sun ɗauko kyarkeci a kama da hali. Renonsu ya yi wuya, horonsu kuma wahalarsa ta fi amfaninsa. Sai aka riƙa mayar da su kan karen kiwo na Jamus, tsatso bayan tsatso. Lissafin mai sauƙi ne: 'ya'yan fari suna da kashi 50 cikin 100 na jinin kyarkeci, jikoki kashi 25, tattaɓa-kunne kashi 12.5, tsatso na huɗu kuwa kashi 6.25. Sai a tsatso na uku da na huɗu aka fara samun waɗanda za su iya gama horo irin na sauran karnuka su shiga aiki. Waɗannan sun nuna fifiko wajen gane hanya da ji da sansano, kuma a gwajin juriya sun yi tafiyar kilomita 100 ba tare da sun galabaita ba.

A nan akwai abin lura. Gwargwadon yadda dabbar ta dace da aikin soja, gwargwadon yadda jinin kyarkeci ya ragu a jikinta. Bugu da ƙari, waɗannan barbarar yanyawa suna shaƙuwa da mutum ɗaya ƙwarai, ba sa saurin karɓar sabon mai riƙo, alhali kuwa akasarin masu gadin iyaka samari ne masu aikin soja na dole na shekara 2, suna zuwa suna wucewa. Saboda haka karen kiwo na Jamus bai rasa matsayinsa a runduna ba. Hartl ya gabatar da sakamakon aikinsa a 1965 a taron masu kiwon karnuka na duniya da aka yi a Brno da Prag, ya kuma rubuta siffofin sabon iri a shekarar da ta biyo, amma hukumomin kiwo na ƙasarsa suka ƙi amincewa.

Daga Bariki Zuwa Gidajen Jama'a

A farkon shekarun 1970 aka mayar da cibiyar aikin wani gidan kiwo na runduna kusa da garin Malacky a yankin Slobakiya, ƙarƙashin Manjo Frantisek Rosik. A can aka shigar da kyarkeci na uku mai suna Sarik, kuma daga zuri'arsa aka sami wani namiji, Rep, wanda aka haifa a 1979, wanda jininsa ya game irin gaba ɗaya. Rosik da abokan aikinsa sun sake alkibla: maimakon su ci gaba da tsarma jinin da na karen Jamus, sai suka riƙa haɗa barbarar yanyawan da junansu don siffar ta zauna, suka kuma fara ba farar hula 'yan kwikwiyo. A 1982 aka kafa ƙungiyar masu kiwon wannan kare a Brno, aka amince da shi a matsayin irin ƙasa. A 1983 aka yi barbara ta ƙarshe da hukuma ta sani, tsakanin macen kyarkeci mai suna Lejdy da kare mai suna Bojar, aka sami Kazan. Daga nan aka rufe ƙofa. Ke nan kyarketai 4 kacal ne suka ba da jininsu ga irin duka.

FCI ta ba shi rajistar wucin gadi a taronta na Helsinki cikin watan Yuni na 1989, da lamba 332. Wata biyar bayan haka zanga-zangar lumana ta kawar da mulkin Kwaminis, kuma a watan Disamba ministan harkokin waje Jiri Dienstbier ya tsaya da takwarorinsa na Ostiriya da Jamus ta Yamma suka datse wayar shingen a gaban 'yan jarida. A ranar 1 ga Janairu, 1993, ƙasar ta rabu zuwa Jamhuriyar Cek da Slobakiya, alhakin kula da siffofin irin ya koma hannun Slobakiya. An tabbatar da rajistarsa ta dindindin a 1999. Tun daga lokacin ya bazu a Turai, musamman Italiya, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin kiwonsa. A can da wasu ƙasashe ana amfani da waɗansu wajen neman mutanen da suka ɓata, aikin da ya dace da hancinsu da juriyarsu.

Siffa da Hali

Ƙa'idar FCI ta ce tsayin namiji daga ƙasa zuwa kafaɗa kada ya gaza santimita 65, nauyinsa kada ya gaza kilo 26. Mace kuwa santimita 60 da kilo 20. Launinsa daga toka-toka mai ratsin rawaya zuwa toka mai hasken azurfa, da farin gashi a kewayen baki da ƙasan wuya. Idanunsa ƙanana ne, a karkace, masu launin zuma. Kunnuwansa gajeru, a tsaye. Yana da sassarfa mai dogon taƙi wadda zai iya riƙewa sa'o'i. Gashinsa na hunturu ruɓi biyu ne, mai kauri ƙwarai, ya sha bamban da na bazara. Mace galibi sau ɗaya take neman barbara a shekara, kamar kakarta ta daji, saɓanin yawancin karnuka masu yin sau biyu. Ba shi da yawan haushi. Ya fi bayyana kansa da kuka mai tsawo da gurnani da motsin jiki. Yakan rayu shekara 12 zuwa 15 ko fiye.

Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2015 da 2018 ya nuna cewa kason kare a jikinsa ya rinjayi na kyarkeci da nisa. Na 2018 ya ƙara da cewa gadon kyarkeci ya fi taruwa a wuraren da suka shafi siffar jiki, gadon kare kuwa a wuraren da suka shafi hali. Saboda haka kuskure ne a ɗauke shi a matsayin dabbar daji. Amma kuskure ne kuma a zaci karen kiwo na Jamus ne da ya sake riga. Yana da kaifin basira da saurin koyo, sai dai ba ya yin aiki don kawai an umarce shi. Idan aka maimaita masa darasi ɗaya sau da yawa sai ya gaji ya daina. Yana da amana ga mutanen gidansa, yana ɗari-ɗari da baƙo, kuma sha'awar farauta tana da ƙarfi a jininsa. Ba ya cika hankali sai ya kai shekara 2 zuwa 3, kuma a lokacin ne rigima da karnuka 'yan jinsinsa takan bayyana. Barewa, in ji Hausawa, ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sharuɗɗan Riƙo

Kowane sharaɗi na riƙon wannan kare yana da tushe a tarihin da aka zayyana. Na farko shi ne sabo tun yana ƙarami. Tun daga makonnin farko har zuwa wajen wata 3 wajibi ne kwikwiyon ya ga mutane iri-iri, yara da manya, ya ji ƙarar mota da hayaniyar kasuwa, ya zauna kusa da sauran dabbobi cikin natsuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka kulle a wannan lokaci yakan tashi matsoraci, kare matsoraci kuwa shi ya fi saurin cizo idan aka ƙure shi.

Na biyu shi ne motsa jiki. Ƙungiyoyin masu kiwonsa suna da jarrabawar gudu a gefen keke ta kilomita 40, da ta 70, da ta 100. Dabbar da aka zaɓa a kan wannan ma'auni ba za ta gamsu da zagayen tsakar gida ba. Tana bukatar sa'o'i na tafiya da gudu kowace rana, da aikin da zai sa ta yi tunani, kamar bin sawu da neman abin da aka ɓoye. Idan ta rasa wannan sai ta koma tonon rami da yayyaga kaya da neman hanyar fita.

Na uku shi ne zama da mutane. Kyarkeci dabbar iyali ce, wannan kare kuma ya gaji ƙin kaɗaici. Ɗaure shi da sarƙa a bayan gida ko barinsa shi kaɗai wuni guda azaba ce gare shi, kuma maƙwabta za su ji sakamakon a kukansa. Horonsa yana bukatar haƙuri da tsayawa a kan ƙa'ida ɗaya, da lada na abinci ko wasa. Duka yana rushe amanar da ke tsakaninsa da mai shi, gyaranta kuwa yana da wuya. Ba a barin ƙaramin yaro da shi ba tare da babba a wurin ba, kamar dai kowane babban kare.

Na huɗu shi ne shinge. Yana tsalle, yana hawa, yana tono, yana kuma koyon buɗe ƙofa. Masu kiwonsa suna yin katanga mai tsayin wajen mita 2, su kuma binne gindinta. Inda ake da awaki da tumaki da kaji, sakaci na sa'a ɗaya yana iya jawo asara da shari'a.

Na biyar shi ne lafiya. Tunda irin ya fito daga iyaye 'yan kaɗan, auratayyar dangi ta yi yawa a cikinsa, kuma ya gaji waɗansu cututtukan karen kiwo na Jamus: gurɗewar mahaɗar ƙugu da ta gwiwar gaba, da lalacewar laka wadda ke shanye ƙafafun baya a tsufa, da tsumburewa saboda naƙasar wata halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa girma. Ana gane na farko da hoton ƙashi, na biyu da na uku kuma da gwajin ƙwayoyin gado, kuma mai kiwo na gaskiya ba ya barbara sai ya yi su. Ga kuma allurar rigakafin haukan kare da sauran cututtuka, da maganin kaska da tsutsar ciki, da abinci mai isasshen nama. Yana zubar da gashi sosai sau biyu a shekara. Wannan gashi an yi shi ne don hunturun tsakiyar Turai, inda ruwa ke daskarewa. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Yamai, inda zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, dabbar da dole ta yi gudu kullum cikin irin wannan riga tana cikin haɗarin bugun zafi. Duk mai sha'awar shigo da ita ya kamata ya fara auna wannan.

Doka da Hukuma

Wajibi ne ma'aikacin hukuma ya rarrabe abu biyu: iri mai rajista wanda aka san asalinsa, da barbarar yanyawa ta kwanan nan tsakanin kare da kyarkeci, wadda ba a iya hasashen halinta. Ƙasashe sun bi hanyoyi dabam-dabam. A Birtaniya Dokar Namun Daji Masu Haɗari ta 1976 ta wajabta lasisi ga mai riƙe kyarkeci da 'ya'yansa na kusa, amma waɗanda suka yi nisan tsatso uku, har da waɗannan iri biyu, ba sa bukatarsa. Norwe kuwa ta haramta karen Cekoslobakiya ɗungurungum. Yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tana ɗaukar dabbar da ke da kyarkeci a cikin tsatsonta huɗu na baya kamar kyarkecin kansa. A Amurka doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma babu allurar haukan kare da aka amince da ita musamman don barbarar yanyawa, abin da ke jefa dabbar cikin haɗarin kisa idan ta ciji mutum.

Kasuwa ma ta kawo nata matsaloli. Tun da aka fara nuna wasan talabijin na Game of Thrones a 2011, sha'awar karnuka masu kama da kyarkeci ta ƙaru, gidajen ajiye yasassun dabbobi kuma suka koka da yawan waɗanda masu su suka kasa riƙewa. A 2017 jami'an tsaron gandun daji na Italiya sun kama dabbobi fiye da 200 a wani bincike kan masu kiwon da ake zargi da sake shigar da jinin kyarkeci a ɓoye, suna sayar da 'ya'yan da takardun ƙarya, domin mai saye ya fi biyan kuɗi a kan wanda ya fi kama da na daji. Haɗarin ya shafi kyarkecin daji shi ma, domin karnukan da ke yawo sakaka suna barbara da shi suna gurɓata jininsa. A kan haka kwamitin Yarjejeniyar Bern ya fitar da shawara a 2014 yana kiran ƙasashen Turai su sa ido a kan lamarin.

Kammalawa

Saarloos da Hartl sun tashi da zato ɗaya, cewa za a iya ɗebo ƙarfin kyarkeci a bar tsoronsa da 'yancin kansa. Gado bai rarrabu yadda suka so ba, sai da aka yi shekaru da dama ana zaɓe da tacewa kafin a sami dabbar da za ta zauna da mutane. Abin da aka samu a ƙarshe kare ne mai kyan gani, mai basira da amana, amma bai maye gurbin karen kiwo na Jamus a aikin tsaro ba, bai kuma dace da kowane gida ba.

Ga ɗalibin tarihi, wannan labari misali ne na yadda gwamnati kan sa ilimi ya yi wa manufarta hidima, da yadda abin da aka ƙirƙira kan daɗe bayan manufar ta mutu. Ga ma'aikacin da ke ba da izinin shigo da dabbobi ko tsara dokar riƙonsu, abin dubawa shi ne takardar asali, da shaidar gwajin lafiya da rigakafi, da wurin da za a ajiye dabbar. Ga mai saye kuwa, alkawari ne na shekara 12 ko fiye, na lokaci da kuɗi da haƙuri, kuma idan ya gaza dabbar ce da maƙwabta za su ɗauki nauyin gazawarsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.